Ƙarfin Inji ko Daɗin Wasa: Gardamar da Na Tarar a Shagon Gem a Jos

Wata Asabar cikin hunturu, irin ranar da sanyin Jos yake sa mutum ya cusa hannuwa a aljihu tun da la'asar, ɗan 'yar'uwata ya ja ni wani shagon gem da ke bayan titin Bauchi. Ya daɗe yana tara kuɗin PS5, wato PlayStation 5, na'urar gem ta kamfanin Sony, yana so in cika masa, don haka ya ga gara in gani da idona. Shagon ɗaki ɗaya ne, benci uku, talabijin huɗu a jikin bango. Babbar cikinsu ita aka haɗa wa PS5. Biyu na PS4 ne. Ta huɗun tana lungu kusa da ƙofa, an jona mata tsohuwar PS2 wadda aka naɗe igiyar hannun da ake danna ta da shi da salatif.

"Kawu, kalli gumi a goshinsa," in ji yaron, yana nuna mini ɗan ƙwallon da ke babban allo. "Kalli ciyawar filin. Har inuwar 'yan kallo ana gani."

Na kalla, kuma abin ya yi kyau ƙwarai. Amma kunnena yana lungu. Yara shida ne suka yi wa PS2 zobe, biyu na bugawa, huɗu na jiran a ci wani ya tashi, kuma duk ihun da ke shagon daga can yake fitowa. Ba zan ce wannan kaɗai hujja ba ce, domin kuɗin wasa a lungun ya fi sauƙi, yaro kuwa inda aljihunsa ya kai nan yake zama. Sai dai babu ɗaya cikinsu da ya waiwayo ya kalli gumin da ake nuna mini.

Tun daga ranar nake juya maganar. Ni ina cikin masu cewa daɗin wasa shi ne gaba. Amma yadda ake yawan yin gardamar, kamar dole ne mutum ya zaɓi ɗaya ya jefar da ɗaya, bai gamsar da ni ba. Ƙarfin na'ura dukiya ce, abin tambaya shi ne a ina aka kashe ta.

Bari mu fara da sanin mene ne ma ƙarfin. A cikin kowace na'urar gem akwai sashen da ke lissafin abin da ke faruwa: ina ƙwallo za ta faɗi, wane ɗan baya ne zai tare, mota za ta juya ko za ta kife. Akwai kuma sashen da ke zana hoton abin da aka lissafa. Hoton da muke gani a allo ɗige-ɗige ne ƙanana. Allon da ake kira 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance, 1080 a tsaye, wato miliyan 2 da 'yan kai. Na 4K yana da 3840 da 2160, kusan miliyan 8.3, ninki huɗu ke nan. Motsin da muke gani kuwa ba motsi ba ne, hotuna ne a tsaye ake jero su da sauri, 30 ko 60 a kowace daƙiƙa, wani lokaci har 120. To na'ura tana da iyakar aikin da za ta iya cikin daƙiƙa ɗaya. In aka ce ta cika kowane hoto da ado, dole ta rage yawan hotunan. In aka ce ta yawaita hotunan, dole adon ya ragu. Kamfanoni suna auna wannan iyaka da adadin lissafin da injin zane ke yi a daƙiƙa, suna buga shi a talla: Xbox Series X ta kamfanin Microsoft tiriliyan 12, PS5 tiriliyan 10 da ɗoriya. Dukansu a watan Nuwamban 2020 suka fito, kuma wadda ta fi ƙarancin lambar ita ta fi kasuwa nesa ba kusa ba.

Wannan ba sabon abu ba ne. Wanda ya fi kowa fahimtarsa tun da wuri wani injiniya ne ɗan Japan, Gunpei Yokoi. Kamfanin Nintendo tun 1889 yake a birnin Kyoto, kuma katin karta yake bugawa. Yokoi ya shiga kamfanin a 1965 a matsayin mai kula da injinan buga katin, daga nan ya zama mai ƙirƙirar kayan wasa. Ana ba da labarin cewa a cikin jirgin ƙasa ya ga wani ma'aikaci ya gaji da zama yana ta danna kalkuleta don kashe lokaci, daga nan tunanin Game & Watch ya zo masa, ƙaramin abin wasan aljihu da ya fito a 1980. Aƙidarsa ita ce kada a bi sabuwar fasaha mai tsada wadda ba a gama sanin halinta ba. A ɗauki wadda ta kwana biyu, ta yi araha, an san ciwonta da maganinta, a nemo mata sabon aiki. Mu da muke cewa da tsohuwar zuma ake magani ba ma buƙatar dogon bayani a nan.

A 1989 ya fitar da Game Boy. Allonta ba launi, inuwa huɗu ce kawai a kan wani kore-kore, kuma ba ta da fitila, sai ka nemi haske kafin ka ga abin da kake yi. A shekarar ne Atari ya fitar da Lynx mai launi, sannan Sega ya biyo da Game Gear a 1990, ita ma mai launi da hasken allo. Duk wanda ya ajiye su uku a tebur zai ce Game Boy ce koma-baya. Amma Game Gear batir shida take ci, kuma cikin awa uku zuwa biyar ta shanye su. Game Boy batir huɗu, kuma sukan kai mutum fiye da awa goma. Ga araha, ga jure faɗuwa. Sannan a Amurka an haɗa ta da Tetris, wasan jera tubala da Alexey Pajitnov ya ƙirƙira a Mosko a tsakiyar shekarun 1980, wanda ba ya buƙatar launi ko ado, ƙa'idarsa ake koya cikin minti ɗaya a shekara ana bugawa. Game Boy da ƙanwarta mai launi sun sayar da kusan miliyan 119. Game Gear ta tsaya a wajen miliyan 10.

Abin da nake so a lura da shi a nan shi ne Yokoi bai raina ƙarfi ba. Ya duba rayuwar wanda zai riƙe abin ne: yaro a bayan mota, ma'aikaci a jirgin ƙasa, uban da zai riƙa sayen batir. Ya gane cewa na'urar da ta mutu a tsakiyar tafiya ba ta da daɗi komai kyan launinta. Wato batir ma yana cikin daɗin wasa, farashi ma haka.

Daga nan tarihin ya yi ta maimaita kansa. PS2 ta fito a 2000, GameCube ta Nintendo da Xbox suka biyo ta a 2001, kuma dukansu sun fi ta ƙarfi. Ita ta haura miliyan 155, kowace cikinsu ba ta kai miliyan 25 ba. Nintendo DS ta 2004 ba ta kama ƙafar PSP, ƙaramar na'urar hannu ta Sony, a zane ba, amma ta sayar da miliyan 154, kusan ninki biyu. Wii, wadda Nintendo ya fitar a 2006, ita ce ta fi ba da mamaki. Cikinta kusan na GameCube ne aka ɗan ƙara wa kuzari, ba ta ma iya fitar da hoton HD, a lokacin da PS3 ke alfahari da injinta mai suna Cell, ana sayar da babbar a dala 599. Wii dala 250 ce, kuma abin da ta kawo shi ne hannu mai kama da rimot wanda ake wurgawa kamar ana buga tanis. Tsofaffi a gidajen kula da su a Turai da Amurka, waɗanda ba su taɓa riƙe hannun gem ba, suka shiga wasa. Ta haura miliyan 101, PS3 da Xbox 360 kowace tana tsakanin miliyan 80 da 90. Switch ta 2017 kuwa, ita ma ta Nintendo, da injin kamfanin Nvidia na 2015 aka gina ta, irin wanda aka yi don ƙananan na'urorin hannu, ga ta nan ta wuce miliyan 150.

Masu ra'ayi irin nawa a nan suke tsayawa su ce magana ta ƙare. Ba ta ƙare ba, kuma rashin adalci ne a tsaya a nan.

Na farko dai yawan ciniki ba shi ne ma'aunin daɗi ba. Mutane da yawa sun sayi PS2 ne saboda tana kunna faifan DVD a lokacin da na'urar DVD kaɗai ke da tsada. A nan ƙasar kuma kowa ya san wani dalilin: ana yi mata aiki ta karɓi faifan da ba na asali ba, wanda ake samu a kasuwar Terminus da kuɗi kaɗan. Sannan rashin ƙarfi shi kaɗai bai taɓa sayar da na'ura ba. Shi kansa Yokoi ya fitar da Virtual Boy a 1995, ta faɗi warwas, ko miliyan ɗaya ba ta kai ba. Wii U ta 2012 ta tsaya a miliyan 13.5, duk da tana da wasanni masu kyau, domin mutane da yawa ba su ma gane cewa sabuwar na'ura ce ba. A 2013 kuma PS4 ta fi Xbox One ƙarfi, ta fi ta araha da dala 100, ta kuma yi mata fintinkau.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci, akwai daɗin da ba zai samu ba sai da ƙarfi. Kafin tsakiyar shekarun 1990 yawancin wasanni a shafe suke, hagu da dama kawai ake tafiya. Da injina suka iya zana fili mai zurfi, sai Super Mario 64 ya fito a 1996, mutum ya iya zagaya dutse ya leƙa bayansa. Wannan ba ado ba ne, sabon nau'in wasa ne. Haka GTA III na 2001 da San Andreas na 2004: gari guda a buɗe, ka hau keke, ka sauka, ka bi duk titin da ka ga dama ba tare da an tsayar da kai ba. Da injin PS1 ba za a iya wannan a haka ba. Ko ma'ajiya kaɗai ta taɓa juya kasuwa. Nintendo 64 ta nace wa kaset wanda mafi girmansa megabait 64 ne, alhali faifan CD na PS1 yana ɗaukar 650. Masu yin Final Fantasy VII suka tattara suka koma wajen Sony a kan haka, wasu da yawa suka bi su. PS1 ta haura miliyan 102, Nintendo 64 ta tsaya a kusan 33.

Rashin ƙarfi kuma yana da nasa haraji, kuma mu masu son ƙwallo mun fi kowa biyansa. Shekaru da dama wasan ƙwallo na FIFA da ake fitarwa a Switch tsohon wasa ne ake sabunta wa sunayen 'yan wasa da riguna, har kamfanin ya rubuta haka a jikin kwalin. Shi ya sa duk labarin nasarar Nintendo da na jero a sama, da wuya ka shiga shagon gem a Gangare ko Unguwar Rogo ka tarar da Switch. Garin da ya haifi Mikel Obi da Ahmed Musa, wanda Plateau United ta kawo wa kofin gasar ƙasa a 2017, ƙwallo yake so ya buga, kuma a inda ƙwallon ta fi kyau zai buge ta. Haka nan idan aka ɗora wa inji kayan da ya fi ƙarfinsa, wasan ne yake lalacewa. Cyberpunk 2077 da ya fito a Disambar 2020 ya riƙa sandarewa a PS4 har Sony ya cire shi daga shagonsa na intanet na tsawon watanni.

To ashe ƙarfi yana da inda yake zuwa. Wani yana tafiya ga ido, wani ga sabon nau'in wasa, wani kuma ga babban yatsa. Wannan na ƙarshen shi ne aka fi mantawa a gardama, alhali shi ne mai shago da yaran lungu suka fi sani, ko da ba su da sunan da za su kira shi.

Idan na'ura tana fitar da hoto 30 a daƙiƙa, tsakanin hoto da hoto akwai kashi ɗaya cikin talatin na daƙiƙa, wato milidaƙiƙa 33. Idan 60 ne, tazarar ta koma kusan 17. A takarda wannan ba komai ba ne. Amma ka tuna lokacin da ɗan gabanka ya kuɓuce wa masu tsaron baya, gola ya fito, kana da ƙiftawar ido ka danna. Tsakanin dannawarka da tashin ƙafar ɗan wasan akwai jinkiri da ke taruwa daga wurare da yawa: hannun ya aika saƙo, injin ya lissafa, ya zana, talabijin ta nuna. Idan jinkirin ya yi yawa, sai ka ji yaro ya ce "hannun nan yana da nauyi", ko "ba ya jin magana". Sau da yawa ma ba laifin hannun ba ne. Talabijin na zamani suna tsayawa su gyara hoto don ya ƙara kyau kafin su nuna, kuma wannan gyaran lokaci yake ci. Shi ya sa yawancinsu suke da wani saiti na musamman don gem, wanda ke kashe kwalliyar ya saki hoton da wuri. Mai shagon da ya san wannan ya fi wanda ya sayi babban allo bai taɓa shiga saitinsa ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi a wurina daga bakin Sony kanta ta fito. Yawancin manyan wasannin PS5 suna ba mutum zaɓi biyu: hoto mai cikakken ado amma 30 a daƙiƙa, ko ado ya ragu motsi ya kai 60. A Satumbar 2024, lokacin da Mark Cerny, jagoran tsara injin PS4 da PS5, yake gabatar da PS5 Pro, ya ce idan aka ba 'yan wasa wannan zaɓi, kusan sau uku cikin huɗu santsin motsi suke ɗauka. Mutanen da suka kashe kuɗi suka sayi na'ura mai ƙarfi, da aka ce ga ido ga yatsa, yatsa suka zaɓa. Shi ya kawo maganar ne don ya tallata na'urar dala 700 wadda za ta haɗa biyun, amma ni abin da na ji shi ne amsar gardamarmu.

Wannan ya mayar da ni shekarun da muke zuwa gidan gem bayan an tashi daga Islamiyya, da naira 20 a dunƙule a hannu. Winning Eleven muke bugawa a PS1, bugun Japan, rubutun duk da Japananci. Babu wanda ya iya karanta ko harafi ɗaya, amma kowa ya haddace cewa layi na kaza ne canjin 'yan wasa, na kaza ne tsarin tsayuwa. Fuskokin 'yan wasan kamar an sassaƙa su da gatari. Da siffar kansa da launin riga muke gane Roberto Carlos, kuma kowa ya san dabarar ɗauko shi daga baya a kai shi gaba saboda gudunsa. Wanda ya ɗauki Najeriya kuwa Tijjani Babangida yake nema a gefen dama, domin in ya saki ƙafa ba mai kamo shi. Da aka koma PS2, kamfanin Konami, mai yin wasan, ba shi da izinin amfani da sunayen ƙungiyoyi da yawa, sai ka ga Liverpool ta zama Merseyside Red, a wasu shekarun Manchester United ta zama Man Red. FIFA yana da sunaye na gaskiya, da riguna na gaskiya, da filaye. Duk da haka a gidajen gem ɗin da na sani PES, wato wasan ƙwallon na Konami, ake layi a kai, musamman PES 6 na 2006, wanda Adriano ke da ƙarfin shot 99 a cikinsa. Dalili ɗaya ne: ƙwallon tana da nauyi irin na ƙwallo, fasin yana zuwa inda ka nufa da ƙarfin da ka danna, kuma in aka ci ka, ka san kai ka yi kuskure. Wasan da ke sa ka yarda cewa laifinka ne shi ne wanda za ka sake biya don ka rama.

A 2021 wannan kamfani ya sauya sunan wasan zuwa eFootball, ya koma sabon injin zane na zamani, ya sake shi a kan na'urorin da suka ninka PS2 ƙarfi sau ɗaruruwa. Fitowar farko ta zo da kurakurai har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Ba injin ne ya gaza ba. Aikin tsara wasan ne bai nuna ba aka sauke shi. An gyara daga baya, yanzu ma matasa da yawa a waya suke buga shi, amma wanda ya ga wancan lokacin ya san ƙarfin na'ura ba ya rufe ramin da mai tsara wasa ya bari.

Akwai kuma wata ɓarna da tseren ado yake yi wadda mai saye ba ya gani kai tsaye. Kowane gashin gira da kowace ganyen bishiya da ake gani a allo, mutum ne ya zauna ya zana, kuma albashi ake biyansa. Takardun da suka fito a shari'ar hukumar kasuwancin Amurka da Microsoft a 2023 sun nuna The Last of Us Part II ya ci kusan dala miliyan 220, Horizon Forbidden West kuma miliyan 212, kowanne da ma'aikata ɗaruruwa na tsawon shekaru. Wanda ya zuba irin wannan kuɗi ba zai yi kasada da sabon tunani ba. Zai maimaita abin da ya san ya taɓa sayuwa, ya ƙara masa ƙyalli. A zamanin PS2 kamfanin Rockstar ya fitar da manyan GTA uku tsakanin 2001 da 2004. GTA V ya fito a 2013, kuma an haura shekara goma ana jiran na shida. A gefe guda ga Minecraft, wanda mutum ɗaya ɗan Suwidin ya faro, komai a cikinsa tubali ne mai kusurwa huɗu, ya haura kwafi miliyan 300. Mu ma nan mun san macijin da ke cikin Nokia 3310 ya cinye wa mutane dare nawa bayan shigowar wayar salula a 2001.

Duk wannan lissafin na duniya ne. Namu na gida yana da ƙarin shafi. PS5 tana jan wuta kusan wat 200 idan ana babban wasa, ban da talabijin. Switch ko 20 ba ta kaiwa. Ga wanda wutarsa ba ta yankewa wannan ba abin dubawa ba ne. Ga mai shagon da ke kunna janareta tun bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023, ko mai ƙaramar sola da batir ɗaya, wannan shi ne bambancin riba da asara. Manyan wasannin yanzu wasu sun haura gigabait 100, kuma ko ka sayi faifai sai an nemi ka sauke gyare-gyare kafin ka shiga wasa da mutanen intanet. Datar wa? In kuwa sabis ya yi rauni, saƙonka ya daɗe kafin ya je ya dawo, babu adadin tiriliyan da zai hana ɗan wasanka tsayawa kamar an dasa shi. Ƙurar hunturu tana toshe fankar na'ura, kuma mai ƙarfi ta fi zafi, ta fi buƙatar iska. Hannun PS5 guda ɗaya na asali kuɗinsa ya isa a yi hidima, kuma a shago hannu ne yake fara mutuwa. Lokacin da PS5 Pro ta fito, dala 700 ta haura naira miliyan ɗaya, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000. Albashin fiye da shekara ke nan, kuma ko wurin sa faifai ba ta zo da shi ba.

Na tambayi mai shagon wace na'ura ce ta fi kawo masa kuɗi. Ya ce, "Yallaɓai, PS4 ce ke riƙe da shagon nan. Waccan babbar don a san muna da ita ne, manya ke hawa da daddare." Amma ya ƙara da wani abu da ya sa na daɗa girmama PS5. Ya ce abin da yake so a jikinta ba hoton ba ne, saurin buɗe wasa ne. Ma'ajiyarta ba mai juyawa ba ce irin ta PS4, don haka jiran da ake yi kafin a take ƙwallo ya ragu sosai, kuma a wurinsa duk mintin da yaro ya zauna yana kallon allo yana lodi, minti ne da ba a biya shi ba. Ga ƙarfi da ya tafi inda ya dace.

Akwai dattawa da ke buga dara a gindin wata bishiya kusa da gidanmu tun ina yaro. Ramuka ne a ƙasa, wannan da tsakuwa, wancan da 'yan itace. Na ga an yi musu katako mai kyau an kawo, sun karɓa sun yi godiya, wasan bai canza ba, masu kallo ba su ƙaru ba kuma ba su ragu ba. Abin da ke tara mutane a wurin shi ne ƙa'ida mai sauƙin koyo mai wuyar ƙwarewa, da abokin karawa wanda zai yi maka dariya in ya ci ka. Na ga abu ɗaya a lungun shagon nan. Manyan wasannin zamani da yawa sun daina ba da damar mutum biyu su zauna a benci ɗaya su raba allo, sun koma kowa a ɗakinsa da abin ji a kunne. Ƙwallo da dambe da tseren mota kaɗan ne suka riƙe wannan, kuma ina ganin ba banza ba su ne suka riƙe gidajen gem ɗinmu.

A hanyar komawa, cikin Keke Napep, yaron ya ce, "To Kawu, kana nufin kada in saya ke nan?"

Na ce masa ba haka nake nufi ba. Na ce ya lissafa mini wasannin da yake son bugawa waɗanda babu su a PS4. Ya yi shiru har muka wuce Farin Gada, sannan ya ce GTA na shida, wanda aka sanar cewa a PS5 da sababbin Xbox kaɗai zai fito. Na ce wannan dalili ne na gaskiya, in ya fito mu sake zama. Na tambaye shi ƙwallo fa? Ya ce FC 25 na 2024, magajin FIFA, shi ma ya fito a PS4, shekara goma sha ɗaya bayan fitowarta. Na tambaye shi talabijin ɗin ɗakinsu 4K ce? Ya ce a'a. Hannu nawa kuɗinsa zai saya bayan na'urar? Ya ce ɗaya da ke cikin kwali. Ƙannensa uku fa?

Bayan sati biyu ya kira ni daga wajen masu sayar da na hannu. Ya samu PS4 mai lafiya, ya sa an buɗe an share ƙurar fankar a gabansa, ya ɗauki hannu biyu, ragowar kuɗin kuma ya ce zai haɗa da abin da na ba shi a sayi batir na biyu a ƙara wa solar gidan. Ya ce asusun PS5 bai fasa ba, ya dai mayar da shi sabon gwangwani. Da na je gidan ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, na tarar sun shimfiɗa tabarma a falo, an rubuta sunaye a bayan kwalin sabulu ana bin layi, har da ƙanwarsa 'yar aji biyar, wadda ta ɗauki Najeriya ta kuma ƙi yarda a canza mata tsarin tsayuwa.